Kura da shan bugu: yadda kotu ta ba da riƙon Britney Spears shekara 13

Daga ƙarshen Disamba 2013 zuwa daren ƙarshe na 2017, mawaƙiyar Amurka Britney Spears ta hau dandamali sau 248 a zauren otal ɗin Planet Hollywood da ke Las Begas. Kowane dare sai ta shafe awa ɗaya da rabi tana rawa a gaban mutum kusan 4,000, tana canza kaya a guje, tana tuna kowane taku da aka koya mata. Tikitocin wasan kaɗai sun kawo kusan dala miliyan 138. A daidai waɗannan shekaru, a idon wata kotu a Los Anjalis, wannan mata mai 'ya'ya biyu da ta haura talatin ba ta kai ta riƙe kuɗinta ba, ba ta kai ta zaɓi likitanta ba, ba ta ma kai ta ɗauki lauya da kanta ba. Kuɗin kashewa ake yanka mata, dala 2,000 a mako, kamar ɗalibar makarantar kwana.

Abu biyun nan ba sa zama a tukunya ɗaya. Ko dai matar tana da ƙwarin kan da za ta ɗauki nauyin wasan da mutane da dama ke cin abinci a jikinsa, ko kuma ba ta da shi. Kotu ta zauna a kan duka biyun shekara 13 da wata 9. Yadda aka yi hakan ta yiwu, a ƙasar da ke alfahari da 'yancin ɗan Adam, shi ne abin dubawa, kuma ba a 2008 labarin ya faro ba.

Yarinyar Kentwood

An haife ta ranar 2 ga Disamba 1981 a McComb ta jihar Misisifi, ta tashi a Kentwood, wani ɗan gari a Luwiziyana da mutanensa ba su wuce 2,000 da 'yan kai ba. Mahaifiyarta Lynne malamar yara ce. Mahaifinta Jamie ɗan kwangilar gini ne mai fama da giya, harkokinsa kuma yau fari gobe tsumma, har iyayen suka kai ga bayyana wa kotu karayar arziki a 1998. A riƙe wannan shekarar a rai, domin ita ce shekarar da waƙar 'yarsu ta farko ta fita.

Tana da shekara 8 uwar ta kai ta Atlanta gwajin shiga shirin yara na Disney mai suna Mickey Mouse Club. Aka ce ta yi ƙanƙanta, amma aka haɗa su da wata dillaliyar 'yan wasa a Niyu Yok. Tana da 10 ta fito gasar waƙa a talabijin. Tana da 11 Disney suka ɗauke ta, ta yi zango biyu tare da Justin Timberlake da Christina Aguilera da Ryan Gosling. Da aka rufe shirin ta koma gida, ta ɗan ɗanɗana zaman makaranta irin na kowa, har da ƙwallon kwando. Bai daɗe ba. A 1997, tana da shekara 15, wani lauyan harkar nishaɗi, Larry Rudolph, ya kai muryarta kamfanin Jive, suka sa hannu da ita. Aka tura ta Sitokholm ta ƙasar Siwidin wajen mai shirya waƙoƙi Max Martin, wanda ya ba ta wata waƙa da ƙungiyar TLC ta ƙi karɓa. Waƙar ita ce "...Baby One More Time". Kafin fitarta a Oktoba 1998 an yi ta yawo da yarinyar daga wannan katafaren kanti zuwa wancan, tana waƙa da 'yan rawa biyu a gaban masu cefane.

Sauran sananne ne, ba sai an ja shi ba. Kundinta na farko ya fita a Janairu 1999 ya hau kan gaba nan take, kafin shekarar ta ƙare an sayar da kwafi sama da miliyan 8 a Amurka. Na biyun, a 2000, ya sayar da miliyan 1.3 a makon farko, babu macen da ta wuce wannan sai Adele a 2015. A 2002 mujallar Forbes ta sa ta a saman jerin taurari masu ƙarfin faɗa a ji a duniya. Shekarunta 20.

Abin da ya fi damuna a wannan zangon shi ne abin da yarinyar ta koya game da aiki. Tun tana 8 wani ne ke faɗa mata ƙarfe nawa za ta tashi, inda za ta tsaya, lokacin da za ta yi murmushi. Wani ke riƙe da jadawali, wani ke riƙe da fasfo, wani ke karɓar kuɗi ya ajiye. Sa'anninta suna koyon lissafin kuɗin tara da gardama da iyaye a kan lokacin dawowa gida, ita kuwa tana koyon cewa yarinyar kirki ba ta cewa a'a idan manya sun shirya. Kuma gidansu gaba ɗaya ya koma kan wuyanta tun ba ta kai shekarun kaɗa ƙuri'a ba. Jihar Kalifoniya tana da doka tun 1939 da ake kira dokar Coogan, sunan wani yaron fim da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. A yau dokar ta wajabta a ware kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu a ajiye masa. Kuɗi take karewa. Ba ta ce komai ba a kan yaron da ya zama shi ne gonar gidansu.

Ga kuma yadda duniya ta ɗauke ta. Tana da 17 mujallar Rolling Stone ta buga hotonta a bango, kwance a gado da kayan ciki, rungume da 'yar tsana. Manyan maza da suka haife ta suna zama a gaban kyamara su tambaye ta ko budurwa ce har yanzu. Da suka rabu da Timberlake a 2002, shi aka tausaya wa. A 2003 matar gwamnan jihar Meriland ta faɗa a bainar jama'a cewa da za ta samu dama da ta harbe Britney, saboda tana lalata tarbiyyar yara. Da 'yar jaridar talabijin Diane Sawyer ta zauna hira da ita a wannan shekarar, sai ta kunna mata maganar, ta kuma nuna kamar matar tana da hujja. A cikin hirar nan yarinyar ta fashe da kuka ta roƙi a dakata.

Shekarar da komai ya kwance

A Janairu 2004 ta auri wani abokin ƙuruciyarta a Las Begas, aka warware auren bayan awa 55. Takardar da lauyoyi suka shigar ta ce ba ta fahimci abin da take yi ba har ta iya amincewa da aure. Wannan ne karo na farko da aka rubuta wa kotu cewa Britney ba ta san abin da take yi ba, kuma mutanenta ne suka rubuta. A cikin shekarar ta auri ɗan rawa Kevin Federline. Ta haihu a Satumba 2005, ta sake haihuwa a Satumba 2006, wata biyu bayan haka ta nemi saki. Gwaggonta da ta shaƙu da ita ta rasu a Janairu 2007. Daga baya ta rubuta a littafin tarihinta cewa tana fama da ciwon damuwar da ke kama mai jego a lokacin.

Mace mai goyo da wani a hannu, aure ya mutu, ana rigimar riƙon yara, ga makoki. Ko ba tauraruwa ba ce wannan ya isa ya jijjiga mutum. Ita kuwa duk inda ta juya akwai garken masu farautar hoto a mota da babur, dare da rana, domin hotonta guda ɗaya mai muni yana iya biyan kuɗin hayar mutum na shekara. Ranar 16 ga Fabrairu 2007 ta shiga wani shagon gyaran gashi a unguwar Tarzana ta ce a aske mata kai. Mai shagon ta ƙi. Sai ta ɗauki injin askin da kanta ta yi ƙwal-kwabo, masu hoto suna haska ta ta gilashi. Bayan 'yan kwanaki, da ta je gidan tsohon mijin ba ta samu ganin yaran ba, ta huce a kan motar wani mai hoto da lema. Waɗannan hotuna biyu su suka zama shaidar "haukarta" a duniya, masu barkwanci suka samu abin yi. A Oktoba kotu ta karɓe yaran daga hannunta.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: a watan Oktoban nan ta fitar da kundin Blackout, wanda sunanta ke jiki a matsayin babbar mai kula da shirya shi, kuma masu sharhin waƙa da dama har gobe suna cewa shi ne mafi kyawun aikinta.

Daren 3 ga Janairu 2008 ta ƙi mayar da yaran bayan ziyara, ta kulle kanta a banɗaki da ƙaramin. 'Yan sanda suka zo, aka fitar da ita a gadon motar asibiti, jiragen 'yan jarida masu saukar ungulu suna shawagi a sama. Aka tsare ta a asibiti da sashe na 5150 na dokar jihar, wanda ya ba da damar riƙe mutum awa 72 ba da son ransa ba idan ana tsoron ya cutar da kansa ko wani. Ƙarshen watan aka sake. Kamfanin dillancin labarai na AP har ya rubuta labarin rasuwarta ya ajiye, saboda tsaro. Ranar 1 ga Fabrairu, tana kwance a asibiti, mahaifinta ya shiga kotu.

Abin da kotu ta bayar

A dokar Kalifoniya, alƙali yana iya naɗa wa baligi mariƙi idan ya gamsu cewa mutumin ba ya iya kula da kansa ko dukiyarsa. Masu karatun fiƙihu za su tuna da babin hajru, inda ake hana wanda bai iya sarrafa dukiya ba taɓa ta sai ya nuna shiriya. Sai dai wannan ya zarce dukiya. Riƙon kashi biyu ne. Akwai na dukiya, wato banki da kadara da kwantiragi. Akwai na jiki, wato inda mutum zai zauna, wanda zai ziyarce shi, da maganin da zai sha. Kwamishinar kotu Reva Goetz ta ba Jamie Spears na jikin shi kaɗai, ta ba shi na dukiyar tare da wani lauya, Andrew Wallet. Na wucin gadi ne, in ji takardar. A Oktoba 2008 aka mayar da shi na dindindin.

Akwai ƙulli uku a nan da duk abin da ya biyo baya ya rataya a kansu.

Na farko, irin riƙon da aka zaɓa. Jihar tana da wani tsari na musamman domin masu tsananin ciwon ƙwaƙwalwa, ƙarƙashin wata doka ta 1967, wanda yake mutuwa da kansa bayan shekara ɗaya sai an sake kawo hujja. Ba shi aka bi ba. An bi tsarin kotun gado, wanda aka fi yi wa tsofaffin da ruɗewar tsufa ta kama da masu naƙasa mai tsanani, mutanen da ba a sa ran za su warke. Shi wannan ba shi da wa'adi. In an shiga, sai wani ya nemi a fitar da kai, kuma a aikace kai ne za ka nuna ka warke. Shekarunta 26 lokacin.

Na biyu, lauya. Doka ta tanadi a sanar da mutum kwana 5 kafin a saurari irin wannan buƙata, amma kotu ta ɗauke wannan sharaɗin. Britney ta yi ƙoƙarin ɗaukar lauya mai suna Adam Streisand, ya je kotu ya ce ba ta son mahaifinta ya riƙe ta. Kotu ta ce ba ta da ƙwarin hankalin ɗaukar lauya, aka sallame shi, aka naɗa mata Samuel Ingham daga jerin lauyoyin kotu. A duba zagayen nan da kyau: hanyar nuna cewa kana da hankali ita ce ka samu mai tsaya maka, amma an ce ba ka da hankalin zaɓen mai tsaya maka. Ingham ya riƙe ta shekara 13, an biya shi kimanin dala miliyan 3, bai taɓa shigar da buƙatar a soke riƙon ba.

Na uku, wanda ke biya. Ita ce. Mariƙa, lauyanta, lauyoyin mahaifinta da ke jayayya da ita a kotu, masu tsaro, likitoci, duk daga dukiyarta ake sallamarsu. Mahaifin yana karɓar kimanin dala 16,000 a wata, ban da kuɗin hayar ofis, sannan kotu ta amince masa da kaso a cikin cinikin wasanni, ciki har da kashi 1.5 cikin ɗari na wasan Las Begas. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba kafin a ga matsalar. Duk wanda ke da ikon cewa matar nan ta warke, albashinsa zai tsaya ranar da ya faɗa.

Adalci ne a ji ɗaya ɓangaren. Jamie Spears da lauyoyinsa sun daɗe suna cewa ya tarar da 'yarsa a bakin rami, kewaye da mutanen da ke tatsarta, dukiyar tana zurarewa ga ƙararraki a kotuna, shi ya tsamo ta ya kuma gina dukiyar har ta kai kusan dala miliyan 60. Akwai ƙamshin gaskiya a wani ɓangare. Farkon 2008 ba ƙarya ba ne, ta kusa hallaka. Bayan riƙon ta dawo tana ganin 'ya'yanta, garken masu hoto ya ragu, wasu 'yan kanzagi sun watse. Bayanan lafiyarta a rufe suke a kotu, kuma haka ya kamata. Ni ban ga laifin uban da ya ruga kotu bayan an kwantar da 'yarsa sau biyu cikin wata guda ba. Inda nake da ja shi ne abin da aka yi da ita bayan nan, kuma ba a ɗauki lokaci ba.

A Maris 2008, ko wata biyu ba a yi da sallamo ta ba, ta fito a wani wasan barkwanci na talabijin. A Disamba sabon kundi, Circus. A 2009 rangadin duniya, wasa 97, cinikin sama da dala miliyan 130. A 2011 wani kundin da wani rangadin. A 2012 ta zauna kujerar alƙalanci a gasar X Factor, tana yanke wa wasu hukunci a kan makomarsu alhali ita ba ta da ikon yanke nata. Sai Las Begas, sai kundin 2016, sai rangadin 2018. Idan mara lafiya ce da har ba za ta iya sayen abu da katin banki ba, wa ke fitar da mara lafiya ta zaga duniya? Idan kuma lafiyarta ta kai ta zaga duniya, riƙon na mene ne? Andrew Wallet da kansa, da ya zo neman ƙarin albashi, ya bayyana wa kotu riƙon a matsayin wani salon kasuwanci mai gauraye. Bakinsa ya faɗi abin da kowa ke kauce wa.

Kuma ba wai ta yi shiru ba ne. Tun a Nuwamba 2008, a wani shirin MTV, ta faɗa tana hawaye cewa rayuwarta ta cika takura, ta ce ko ɗan kurkuku ya san ranar fitarsa. A 2016, kamar yadda takardun sirrin da jaridar New York Times ta samu suka nuna, mai binciken kotu ya rubuta cewa ta shaida masa riƙon ya zama makamin danniya a kanta, ta gaji da a ci da guminta, ita ke aiki amma kowa na kusa da ita a aljihunta yake. Rahoton ya shiga fayil. Riƙon ya ci gaba.

Yadda ƙullin ya kwance

A Janairu 2019 ta soke sabon wasan da aka shirya mata a Las Begas, aka ce saboda rashin lafiyar mahaifinta, wanda hanjinsa ya fashe. Sai ta ɓace. A Maris Wallet ya ajiye aiki. A Afrilu wasu mata biyu masu barkwanci, Tess Barker da Barbara Gray, da ke da wani shirin murya a intanet wanda aikinsa kawai sharhi a kan abin da Britney ke wallafawa a Instagram, suka saki saƙon wani mutum da ya ce ya yi aiki a ofishin lauyoyin da ke cikin lamarin. Ya ce an kai ta wata cibiyar masu ciwon ƙwaƙwalwa tun Janairu ba da son ranta ba. Daga nan maudu'in #FreeBritney ya kama wuta, matasa suka fara tsayuwa a ƙofar kotu da kwalaye masu ruwan hoda.

An yi musu dariya sosai, mahaifin ma ya kira su masu ƙirƙirar makirci. Gaskiya wasunsu sun wuce gona da iri, suna karanta saƙon sirri a launin rigarta. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka zauna suka tono takardun kotu ɗaya bayan ɗaya. A Satumba 2019 Jamie ya sauka daga riƙon jiki, aka ba wata ƙwararriyar mariƙiya, Jodi Montgomery, shi ya ci gaba da riƙe dukiya. A Nuwamba 2020 Ingham ya faɗa wa kotu cewa Britney tana tsoron mahaifinta kuma ba za ta sake hawa dandamali ba muddin shi ke riƙe da sana'arta. Yajin aiki ke nan, makami ɗaya tilo da ya rage mata. A Fabrairu 2021 New York Times ta fitar da fim ɗin bincike a kan lamarin, ta dawo da tsofaffin hirarrakin nan mutane suka kalla da idon yau. Kunya ta kama da yawa. Timberlake ya fito ya nemi afuwa.

Ranar 23 ga Yuni 2021 ta yi magana ta waya a zaman kotu a buɗe, a gaban mai shari'a Brenda Penny. Lauyoyi sun so a rufe zaman, ita ta katse su ta ce a bar shi a buɗe. Ta yi sama da minti 20 tana karanta abin da ta rubuta, da sauri har alƙaliyar ta riƙa roƙonta ta sassauta domin mai rubuta bayanan kotu. Ta ce ta yi wa duniya ƙarya da take cewa lafiya lau take. Ta ce an tilasta mata rangadin 2018. Ta ce da ta ƙi wani takun rawa a wajen atisaye, kuma ta ce ba ta son sabon wasan, sai aka ce ba ta shan maganinta, likita ya cire ta daga wanda ta shekara biyar a kai ya ɗora ta a kan litiyam, har ta riƙa jin kamar ta bugu. Ta ce a cibiyar da aka kai ta ana kallonta tana canza kaya, an karɓe mata waya da fasfo da katin banki, kuma ita ke biyan dala 60,000 a wata. Ta ce akwai robar hana ɗaukar ciki a mahaifarta, tana son a cire ta haihu, an hana ta zuwa wajen likita. Sannan ta faɗi maganar da ta fi kowace nauyi a wajen masana shari'a: ba ta san tana da damar neman a soke riƙon ba.

Lauyar mahaifin ta karanta gajeren saƙo cewa yana baƙin cikin ganin 'yarsa cikin wahala, yana ƙaunarta, yana kewarta. Ɓangaren Montgomery ya ce riƙon bai hana ta aure ko haihuwa ba. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Cikin mako biyu kamfanin Bessemer da aka naɗa ya taya riƙon dukiya ya janye, Larry Rudolph ya ajiye aikin manaja, Ingham ya nemi sauka. Ranar 14 ga Yuli alƙaliyar ta ba ta damar ɗaukar lauyan da take so, ta ɗauki Mathew Rosengart, tsohon mai gabatar da ƙara na tarayya. A farkon Satumba Jamie da kansa ya nemi a soke riƙon. A ƙarshen watan wani tsohon ma'aikacin kamfanin tsaronta ya yi zargin cewa ana bibiyar wayarta kuma an dasa na'urar naɗar murya a ɗakin kwananta. Lauyoyin uban suka ce duk abin da ya yi yana cikin ikon da aka ba shi. Ranar 29 ga Satumba aka dakatar da shi. Ranar 12 ga Nuwamba aka soke riƙon baki ɗaya, ba tare da an sake gwada ƙwaƙwalwarta ba.

A lura da lissafin. Shekara 13 da lauyan da kotu ta zaɓa mata, babu motsi. Wata 4 da lauyan da ta zaɓa, an gama. Ba wani sabon magani aka gano a tsakani ba.

Majalisar jihar ta fahimci wannan. A Satumba 2021 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta ba wanda ake neman a riƙe damar zaɓen lauyansa. A 2022 aka ƙara wata da ta tilasta wa alƙalai su fara duba hanyoyi masu sauƙi, kamar a samar wa mutum amintattun da za su taya shi shawara shi kuma ya yanke, kafin a karɓe masa komai. Ƙiyasin da ake yawan ambata ya ce baligai kimanin miliyan 1.3 ne ke ƙarƙashin irin wannan riƙo a Amurka, da dukiyar da ta kai dala biliyan 50. Mafi yawansu tsofaffi ne da naƙasassu, ba su da masu kwalaye a ƙofar kotu.

Kwana huɗu bayan hukuncin ta yi wani ɗan bidiyo tana lissafa abin da take murna da shi: makullin motarta a hannunta, katin cire kuɗi, ganin tsabar kuɗi, da iya sayen kyandir. Saura kwanaki ta cika 40.

Abin da ya biyo baya ba tatsuniya ba ce mai daɗin ƙarshe, ba kuma hujja ba ce ga masu cewa da an bar ta a riƙe. Ta samu ciki a 2022 ya zube. Ta auri Sam Asghari a Yuni, suka rabu a Agusta 2023. Ta yi waƙa ɗaya da Elton John. Littafinta ya sayar da kwafi miliyan 1.1 a makon farko a Amurka. Rigimar kuɗin lauyoyi tsakaninta da mahaifinta ta ja har Afrilu 2024 kafin a sasanta a sirrance. Tana wallafa bidiyon rawa a falonta, wani lokaci abin ya ba mutane tsoro, su dawo suna muhawara a kan ko tana da lafiya. A Janairu 2023, da ta rufe shafinta na Instagram, wasu daga cikin masoyan nata suka kira 'yan sanda su je gidanta su duba ta. Jami'an suka zo har bakin ƙofa suka tarar ba komai. Ta fito ta ce tana ƙaunarsu amma sun wuce iyaka, su bar ta ta sarara. A Janairu 2024, da jita-jita ta yaɗu cewa ana shirya mata sabon kundi, ta rubuta cewa ƙarya ne, kuma ba za ta sake komawa masana'antar waƙa ba.